Baƙo Ya Fasa, Ango Ya Biya: Har Yaushe Za Mu Ci Gaba a Haka?



An gama kaka, gero da wake sun shiga rumbu, katunan gayyata kuma sun fara yawo a wayoyinmu. Daga yanzu har zuwa gab da azumi, da wuya Juma'a ko Asabar ta wuce ba mu hau mota zuwa ɗaurin aure a Gashua, ko Nguru, ko Yusufari ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu taɓo wata magana da kowa ya san da ita amma ba a son faɗa: idan wanda aka gayyata biki ya yi ɓarna a otal ko ɗakin taro, wa zai biya?

Abin da ya tayar da maganar ya faru ne da wani matashinmu a bara. Ba za mu kama sunansa ba, ba kuma za mu kama sunan otal ɗin ba. Ya nemi aure a Gashua, abokansa na makaranta suka taso daga Damaturu da Kano da Maiduguri don taya shi murna. Gidan surukai ya cika da mata, don haka ya kama wa abokan ɗakuna uku a wani otal. Da hannunsa ya cike takarda, da sunansa aka rubuta rasit. Daren ɗaurin aure aka yi hira har tsakar dare. Garwashin shisha ya faɗa kan katifa ya ƙona ta, wasu biyu suna kokawar wasa suka bangaje talabijin ta faɗo daga bango, wani kuma ya buɗe famfo lokacin da babu ruwa ya manta bai rufe ba, da ruwan ya zo ya malale ɗaki. Da asuba kowa ya ɗauki jakarsa ya nufi tasha. Ango yana shirin kai amarya sai ga wayar manaja.

An riƙe babur ɗin ƙanensa a harabar otal har yamma. Daga ƙarshe mahaifin ango, dattijon da ko ƙofar otal ɗin bai taɓa takawa ba, shi ya sayar da tumaki biyu da buhunan geron da ya ajiye don cin gida aka biya. Waɗanda suka yi ɓarnar an san su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya ce musu uffan, su ma babu wanda ya buga waya ya tambayi yadda aka ƙare. Da aka tambayi ango dalili, sai ya ce kunya yake ji, mutanen da suka sha hanya dominsa.

Mu a ganinmu wannan ba kunya ba ce mai kyau. Wanda ya fasa shi ne ya kamata ya biya. Ango yana iya zama wanda mai otal zai fara riƙewa, tunda shi ya sa hannu, amma bai kamata nauyin ya kwana a kansa ba, balle ya gangara kan tsohon da ya shekara yana noma.

Mu fara da abin da addininmu ya tanada, domin wannan ba sabuwar mas'ala ba ce. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, da Tuhfa ta Ibn Asim da alƙalai ke aiki da ita, duk sun yi bayanin lamuni. Ƙa'idar ita ce duk wanda ya lalata dukiyar wani, biya ya hau kansa, ko da gangan ya yi ko bisa kuskure. Kuskure yana ɗauke zunubi, amma ba ya ɗauke ranko. Saboda haka cewa “tsautsayi ne” ba ta wanke mutum daga biya. Idan abin da aka ɓata ana auna shi da mudu ko sikeli ne, kamar hatsi ko mai, sai a mayar da irinsa. Idan kaya ne kamar katifa ko talabijin, sai a biya ƙimarsa. Ko yaro ne ya yi ɓarnar, haƙƙin mai kaya ba ya faɗuwa.

Akwai labarin da ya zo a Sahihul Bukhari wanda ya isa darasi. Manzon Allah (SAW) yana ɗakin ɗaya daga cikin matansa, sai wata matar tasa ta aiko da abinci a akushi. Mai ɗakin ta bugi hannun ɗan aiken, akushin ya faɗi ya fashe. Annabi ya tattara abincin, ya tsayar da ɗan aiken har aka kawo lafiyayyen akushi daga ɗakin wadda ta fasa, aka aika wa mai akushin, fasasshen kuma aka bar shi a ɗakin wadda ta yi ɓarnar. Wannan a cikin gida ɗaya ke nan, tsakanin mutanen da suka fi mu kunya da kara. Ba a yi faɗa ba, ba a tozarta kowa ba, amma an biya.

To shi ango fa, da ya kama ɗakin? A fiƙihu, wanda ya karɓi abu haya amintacce ne. Ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyakar abin da aka yi yarjejeniya a kai. A nan ne angwayenmu da yawa ke shiga ciki da ƙafarsu. An ba ka ɗakin mutum biyu ka zuba mutum takwas. An rubuta a bango ba a shan taba ko shisha, kana gani aka hura garwashi ka yi shiru. In haka ta faru, kai ma kana da kaso a laifin. Amma ko a nan, malamai sun gabatar da wanda ya yi ɓarna da hannunsa a kan wanda ya zama sanadi kawai.

Ta fuskar dokar ƙasa kuwa, mai otal ya san mutum ɗaya ne: wanda ya cike takarda ya karɓi makulli. Takardun da muke sa wa hannu a gaggauce ba tare da mun karanta ba, sau da yawa a ciki an rubuta cewa mai kama ɗaki ya ɗauki alhakin duk abin da shi ko baƙinsa suka lalata. Wannan yarjejeniya ce, kuma kotu tana aiki da ita. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sai dai wannan bai wanke baƙon ba. Mai otal yana da damar bin wanda ya yi ɓarnar kai tsaye, shi ma ango idan ya biya yana da damar neman kuɗinsa daga wanda ya jawo masa.

Akwai kuma abin da ya kamata kowa ya sani, domin da shi ake yawan tsorata mutanenmu na karkara. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, a sashe na 32, ta kuma hana kama wani a madadin wanda ake zargi, a sashe na 36. Ke nan ba daidai ba ne a tsare uban ango ko ƙanensa don aboki ya fasa talabijin ya gudu. Rikicin biyan ɓarna wurinsa teburin sulhu ne, in ya gagara a je kotun shari'a ko ta majistare. Amma kada matasa su ɗauki wannan a matsayin lasisi. Lalata kayan mutane da gangan laifi ne a dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa tun 1960, kuma wanda ya yi shi da kansa ana iya kama shi a gurfanar da shi.

Ba muna faɗin wannan don mu ɓata masu otal ba ne. Mutum ya zuba dukiyarsa, yana sayen man janareto da tsada, yana biyan ma'aikata. Idan aka ƙona masa katifa, ɗakin ya daina kawo kuɗi har sai an gyara. Haƙƙinsa ne a biya shi, kuma a biya shi da wuri. Abin da muke roƙonsu shi ne adalci. Talabijin da ta shekara biyar a bango ba a biyanta da kuɗin sabuwa fil a kwali. Ƙimarta a ranar da ta fashe ita ce haƙƙi. Famfon da dama yake yoyo, ko makullin ƙofar da dama a karye yake, kada a jira baƙin biki a ɗora musu. Kuma su ma akwai nauyi a kansu na tsaron rayukan mutane: wayoyin wuta masu kyau, abin kashe gobara, da ƙofar fita in wani abu ya taso. A watan Satumba na 2023, a garin Hamdaniya na ƙasar Iraƙi, an kunna wasan tartsatsin wuta a cikin ɗakin taron biki, rufin da aka yi da kayan da ke saurin kama wuta ya kama, mutum fiye da 100 suka rasu. Gangancin masu shagali da sakacin masu gini ne suka haɗu a dare ɗaya. Yau katifa ce ta ƙone a wurinmu. Allah ne ya tsare ba ginin ba ne da mutanen da ke barci a ciki.

Wani zai ce mu a Kumagannam ina ruwanmu da otal, bikinmu a ƙofar gida muke yi. To ai maganar ɗaya ce. Rumfar da muke haya, da kujerun roba, da janareto, da lasifika, duk kayan mutane ne. Bayan kowane biki sai an ƙirga kujeru an samu sun yi ƙasa, wasu ƙafa ta karye saboda samari sun hau kai suna ɗaukar hoto, wasu an ɗauke an kai wani gida ba a dawo da su ba. A cikin gida kuwa abin ya fi yawa. Uwar biki ta bi maƙwabta ta aro tukwane da kuloli da tabarmi da farantai. Bayan yini sai a nemi kula uku a rasa, an zuba wa wasu abinci sun tafi da su ƙauyukansu. Ita ce za ta shiga adashe ta biya, ko kuma ta yi shiru zumunci ya yi tsami. A Malikiyya kayan aro irin waɗannan da ake iya ɓoyewa, wanda ya aro shi ke lamuninsu sai in ya kawo shaidar cewa sun salwanta ba da sakacinsa ba. Saboda haka wadda ta tafi da kular da ba tata ba, ta sani ta bar 'yar uwarta da bashi.

Mun san abin da za a ce: baƙonka annabinka, kuma ba tarbiyyarmu ba ce mutum ya zo taya ka murna ka bi shi da lissafi. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a daina kara ba. Idan ango yana da hali, ya ga dama ya yafe wa abokinsa ya biya da daɗin rai, wannan alheri ne, Allah ya ba shi lada. Amma yafiya sai wanda ya yi laifi ya zo ya amsa tukuna. Wanda ya sulale da asuba ya kashe waya bai ba da damar a yafe masa ba, tilasta wa mutane ya yi. Kuma kara ba a kan mai gida kaɗai take ba. Baƙon kirki shi ne wanda zai ce, “Ni na fasa, nawa ne?” tun kafin a tambaya. Yawancin angwayenmu da bashi suke shiga ɗaki: sadaki, lefe, gyaran gida, abincin walima. Wanda ya ƙara masa wani bashin a daren farko, ba murna ya taya shi ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ga abin da muke ba da shawara tun kafin biki. Duk wanda zai kama wa baƙi ɗaki, ya sa kowane ɗaki a rubuta shi da sunan babba ɗaya daga cikin waɗanda za su kwana a ciki, ko da ango ne zai biya kuɗin kwanan. Kafin a karɓi makulli a shiga tare da ma'aikacin otal a duba komai, a ɗauki hoto ko bidiyo da waya, haka kuma ranar fita. A karanta takarda kafin a sa hannu, wanda bai iya Turanci ba ya nemi a fassara masa. In an karɓi kuɗin ajiya na ko-ta-kwana, a rubuta a rasit tare da sharaɗin mayar da shi. Babban aboki ya san aikinsa bai tsaya ga rabon goro da shirya motoci ba, shi ne zai zama na ƙarshen fita daga otal. Kayan haya da na aro a ƙirga su a gaban shaida lokacin karɓa da lokacin mayarwa, a kuma ɗora mutum ɗaya a kansu, namiji a waje, mace a cikin gida.

Idan duk da haka ɓarna ta auku, kada a ɓoye. A kira wanda ya yi a keɓe, a gaya masa cikin mutunci. In ba shi da hali a lokacin, a raba masa biya, ko abokai su yi karo-karo a fili kowa ya san don me ya bayar. In an kasa daidaitawa, muna da bulamai da lawanai da limamai da suka saba sulhunta abin da ya fi wannan girma.

Iyaye kuma mu ja kunnen 'ya'yanmu kafin su tafi bikin wani gari. Duk inda suka kwana, sunan Kumagannam suka kai. In suka bar ɓarna suka gudu, gobe wani ɗanmu zai je neman ɗaki a Gashua ko Nguru a ce masa babu, alhali akwai.

Allah ya sanya albarka a aurarrakin da za a ɗaura, ya ba ma'aurata zaman lafiya, ya kuma raba mu da haƙƙin mutane. Amin.