Kafin ku zuba kuɗin kulob a amfilifayar jita

Duk zangon karatu na biyu sai mun samu irin wannan tambaya daga kulob-kulob na kiɗa da wasan kwaikwayo a makarantunku. An yi karo-karo, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ɗan ƙara wani abu, an samu jita mai amfani da lantarki, saura amfilifaya. Sai kan 'yan kulob ya rabu biyu. Wasu su ce a sayi ƙarama mai araha yanzu a fara atisaye, wasu su ce a haƙura a ci gaba da tari har a sayi babba irin wadda ake gani bayan mawaƙan Turai a YouTube. Kuɗin nan na kashewar makarantarku ne da na iyayenku, kuma idan aka yi sayen banza ba kowane shugaban makaranta zai yarda a sake tara wani ba. Don haka, ƙannenmu, bari mu zauna a kan maganar.

Jita mai lantarki ita kaɗai kusan bebiya ce. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya. Idan tsirkiya ta motsa sai a samu 'yar wuta kaɗan, wadda ba ta isa ta motsa lasifika ba. Aikin amfilifaya shi ne ta karɓi wannan 'yar wutar ta ƙara mata ƙarfi, sannan ta ba ta launin sauti. 'Yan ajin kimiyya sun riga sun san wannan daga darasin maganaɗisu, sai dai ba a ce musu jita ake nufi ba.

Iri uku ake samu a kasuwa. Akwai mai kwalabe, wato wadda ke aiki da wasu ƙananan kwalabe na gilashi masu yin ja idan sun yi zafi, irin na tsofaffin rediyoyin zamanin kakanninmu. Ita ce mai tsadar, ita ce kuma ta yi wa kamfanoni irin Fender na Amurka da Marshall da Vox na Ingila suna. Akwai mai taransista, wadda ta fi sauƙin kuɗi da sauƙin nauyi. Sai ta zamani mai 'yar kwamfuta a ciki, wadda ke kwaikwayon sautin tsofaffin masu kwalabe, kamar Boss Katana da ta fito a 2016. Ratar kuɗin ba ƙarama ba ce. Ƙaramar ta koyo daga kamfani sananne ba ta kai dala 150 ba, sabuwar Fender Twin Reverb kuwa ta haura dala 1,500. Ku buga wannan da canjin yau ku gani.

Masu son mai tsadar ba ƙarya suke yi ba. Idan aka buɗe wa mai kwalabe murya, sautinta yana yin kauri ya ɗan dusashe cikin laushi, kuma tana bin hannun makaɗi: ya taɓa a hankali ta yi sanyi, ya danna ta yi gurnani. Akwatinta na katako mai ƙwari ne, lasifikarta mai kyau ce, ramukan sa waya ba sa saurin sakewa. Akwai waɗanda aka ƙera tun shekarun 1960 har yau suna aiki, kuma idan mai ita ya tashi sayarwa ba ya faɗuwa sosai. Duk mun yarda da wannan.

Matsalar ita ce daɗin nan ba ya fitowa sai an ɗaga murya sosai. Twin Reverb wat 85 ce, nauyinta ya kusa kilo 30. Idan kuka ɗaga ta zuwa inda take nuna kanta a cikin ajin da kuke atisaye, kafin minti biyar malamin horo ya iso, kuma kunnuwanku za su kwana suna ƙara. Wannan ƙarar ta bayan atisaye ba abin wasa ba ce, alama ce kunne ya wahala, kuma jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa. Idan kuwa kuka bar ta a ƙasa-ƙasa don zaman lafiya, to kun biya kuɗin doki kuna tafiyar jaki.

Ga kuma wani lissafi da masu shago ba sa son yi muku. Wat ba ya tafiya da kunne kai tsaye. Idan aka ninka wat sau biyu, ƙarin da kunne zai ji kaɗan ne. Kafin kunne ya ji kamar sauti ya ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. Ke nan mai wat 100 ba ta fi mai wat 10 ƙara sau goma ba, kusan sau biyu ne kawai, idan lasifikarsu iri ɗaya ce. Girman lasifika da ingancinta sun fi lambar da aka manna a gaba tasiri. Ƙaramar amfilifaya mai lasifika inci 12 takan cika ɗaki fiye da mai lamba babba da lasifika inci 6. Idan kuka ga akwati ɗan mitsitsi an rubuta masa wat 2,000 da haruffan PMPO a gefe, ku wuce abinku, lambar talla ce. Wadda ake dubawa ita ce mai RMS.

Sai maganar wuta, wadda a nan ne mai tsadar take shan kashi a wajenmu. Wutar Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce, ta Amurka 120. Da yawa daga na hannu da ake shigowa da su daga Amurka 120 suke ci, kuma duk wanda ya soka irin wannan a bango ba tare da taransifoma mai sauke wuta ba, hayaƙi zai gani. Ku juya bayan akwatin ku karanta abin da aka rubuta kusa da inda wayar wuta ta shiga kafin a yi maganar farashi. Bayan haka ga wutar nefa mai hawa da sauka, ga ƙaramin janareta mai tari. Kowace amfilifaya tana jin jiki da wannan, amma idan ƙarama ta ƙone an yi asarar kuɗin zango ɗaya, idan babba ta ƙone an yi asarar tarin shekara uku. Sitabilaiza dole ce ko wacce kuka saya, ku sa kuɗinta cikin lissafi tun farko.

Kwalaben kansu suna ƙarewa kamar ƙwan fitila. Mai yawan kiɗa yakan canza manyan cikinsu bayan shekara ɗaya zuwa 'yan shekaru, sau da yawa kuma sai an yi musu saiti bayan canji. Masana'antun da ke yin su a duniya ba su da yawa, mafi shahara suna Rasha da Silobakiya da Sin, shi ya sa da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022 har makaɗan Amurka sai da suka yi ta neman kwalba ido rufe. To ku tambayi kanku, a garinku wa zai sayar muku da ita, wa zai ɗaura? Mai gyaran rediyo na bakin kasuwa ya san taransista kamar yunwar cikinsa, amma ba lalle ya taɓa buɗe mai kwalabe ba. Ku kuma kada karambani ya sa ku kwance bayanta da sukuddireba. Akwai wuta ta ɗaruruwan bolt a ciki, wadda kan zauna ko bayan an zare ta daga bango, kuma tana kisa. Ƙara da gilashi a bayan a-daidaita-sahu kan hanya mai ramuka, da ƙurar hunturu, da zafin watan Afrilu a ɗakin ajiya mai rufin kwano.

Wani zai ce ai sautin manya sai kayan manya. Tarihin kiɗan bai goyi bayan wannan ba. A 1972 John Deacon, mai kaɗa jitar bes a ƙungiyar Queen ta Ingila, wanda ya karanta ilmin lantarki, ya tsinci wani allon kayan rediyo a cikin shara a Landan. Ya sa shi cikin ƙaramin akwatin lasifika, ya haɗa masa batir mai bolt 9. Abokinsa Brian May ya yi amfani da wannan abin a faya-fayan da aka sayar da miliyoyinsu. Kusa da gida kuma, Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya yi tsirkiyoyin jitarsa ta farko. A Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta katin memori tun kafin wani kamfanin waje ya san da shi. Kiɗan jitar Abzinawa da duniya ke rububi yanzu a wuraren biki na Agadas da kewaye ya girma, da ƙananan amfilifayoyi da batir da janareta. Yau Mdou Moctar yana hawa manyan dandamali da kaya masu tsada, amma hannun ya riga kayan zuwa da shekaru.

Kada a ɗauka muna cewa ku kwashi duk abin da ya fi araha. Akwai arahar da ba ta ado. Akwatin da ba a san wanda ya yi shi ba, ko wanda aka rubuta sunan babban kamfani da harafi ɗaya a karkace, yakan zo da huci kamar tafasar ruwa, maɓallansa na ƙaiƙayi, lasifikarsa ta yage cikin wata biyu. Mai koyo da irin wannan yakan zaci hannunsa ne ba shi da kyau, ya ajiye jitar. Ita ma mai kwamfutar tana da nata aibin: idan ƙwaƙwalwarta ta mutu, da wuya a gyara, sai dai a sayi wata. Amma a ra'ayinmu, ga kulob ɗin makaranta, matsakaiciya mai taransista ko mai kwamfuta daga kamfani sananne ita ce daidai. Idan mutum ɗaya ne zai riƙa koyo a gida, wat 10 zuwa 20 ta wadatar, kuma a nemi mai ramin sa abin ji na kunne, saboda maƙwabta da lokutan ibada da ƙannen da ke barci. Idan za a haɗa da mai ganguna irin na baduju, a nemi wat 40 zuwa 50 da lasifika inci 12. Ranar bikin yaye ɗalibai ba sai kun yi hayar babba ba, a kafa makirfo a gaban lasifikarta a tura sautin cikin manyan lasifikokin taron. Haka ake yi har a manyan wasanni.

Ragowar kuɗin yana da wurin zuwa. Tsirkiya na tsinkewa kuma tana tsatsa da gumi, a sayi saiti biyu ko uku a ajiye. Waya mai kyau guda biyu, domin rabin hucin da ake ɗora wa amfilifaya laifinsa daga ruɓaɓɓiyar waya yake. A kai jitar wajen wanda ya iya ya daidaita tsayin tsirkiyoyinta, don jita mai cin yatsu ta kori masu koyo fiye da kowace amfilifaya. A ɗinka wa akwatin riga saboda ƙura. Idan da saura, a biya wani makaɗi na gari ya riƙa zuwa ranar Asabar. Sannan ku rubuta doka ku manna a jikinta: ba a sa mata jitar bes, ba a ara wa masu sanarwar asambuli, ba a kai ta bikin yayar kowa. Ƙananan lasifikokin jita ba a yi su don nauyin sautin bes ba, kuma kayan kulob da ya fita aro kun san yadda yake dawowa.

Ranar saye, ko Sabon Gari za ku a Kano ko wani zai sayo muku daga Alaba a Legas, a tafi da jitar kulob da wayarta, a tafi da malamin da ke kula da ku. A kunna ba tare da an kaɗa komai ba a saurari hucinta. A murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe a ji ko yana ƙarar yashi. A girgiza wayar a bakin ramin a ga ko sautin na yankewa. A kaɗa tsirkiya mafi kauri da ɗan ƙarfi a ji ko lasifika na rawa kamar takarda. Idan ta hannu ce, a bar ta a kunne minti goma sha biyar ko ashirin, domin wasu cututtukan sai ta yi zafi suke fitowa, a kuma sunsuna bayanta ko akwai ƙauri. Mai shagon da ya ce babu wuta, a gwada a gida, a ce masa ya tayar da janareta za ku biya kuɗin mai. Idan ya ƙi, shago na gaba. A karɓi rasit mai ɗauke da sunan samfurin da lambar jikinta, ma'ajin kulob ya kai wa malami ya ajiye a ofis.