Tambayar gasa ba ta zuwa ita kaɗai

Duk wanda ya yi makarantar boko a ƙasar nan ya san gasar tambaya da amsa. Wasu sun taso suna kallon Questions pour un champion, shirin talabijin na Faransa da aka soma a 1988, wasu kuma sun wakilci makarantunsu a gasa irin ta Génies en herbe. Ana jefo tambaya kan tarihi, ta gaba kan ƙwallon ƙafa, ta bayanta kan taurari, wanda ya riga buga ƙararrawa ya kwashe maki. Akwai malaman da ke raina abin, suna ganin haddar aku ce kawai. Ban yarda da su ba. Wanda ya san cewa Isaka Dabore ya ciyo wa Nijar lambar tagulla a dambe a Munik a 1972, ko cewa fim ɗin Umaru Ganda, Le Wazzou polygame, shi ne ya fara lashe babbar kyautar FESPACO a wannan shekarar, ya riƙe bakin zaren da zai iya ja. Damuwata tana kan tambayoyin kansu, da harshen da ake yin su.

A darasin ilimin ma'ana an koya mana cewa jimla takan ɗauko wani zance a ɓoye, wanda mai sauraro ke haɗiyewa ba tare da an nemi yardarsa ba. Idan aka ce wa mutum "Yaushe ka daina shan taba?", kowace rana ya ambata ya riga ya amsa cewa yana sha a da. Tambayar gasa ta fi kowace jimla iya wannan fasa-ƙwauri, domin ɗan takara ba shi da lokacin gardama, daƙiƙoƙi kaɗan gare shi.

Ga misalin da kowa ya sani: wa ya gano kogin Nijar? Amsar da ke kan takardar alƙali ita ce Mungo Park, 1796, a Segu. Da Faransanci tambayar tana wucewa sumul, saboda kunnenmu ya saba da ita tun muna firamare. A mayar da ita Hausa a yi wa wani dattijo a Gaya: wa ya gano kogin Isa? Zai tambaye ka ko ɓacewa kogin ya yi. Sarkawa suna kamun kifi a cikinsa, daular Songai ta kafu a gaɓarsa ta kuma rushe, duk kafin a haifi Park. Abin da ya faru a 1796 shi ne wani Bature ya ga kogin da idonsa, ya tabbatar wa mutanensa cewa gabas yake kwarara. Wannan labari ne mai daraja, amma tambayar da ta dace da shi daban take, kuma Hausa ce ta tilasta mana gyara ta.

Siyasa ma haka. "Wane ne shugaban Nijar na farko?" Za a ce Diori Hamani, kuma daidai ne idan ana nufin shugaban jamhuriya bayan ƴancin kai na 3 ga Agusta 1960. Sai dai kalmar "shugaba" ta fi haka faɗi. Djibo Bakary ne ɗan ƙasa na farko da ya jagoranci majalisar gwamnati a 1957, kafin zaɓen raba gardama na Satumba 1958 ya yi awon gaba da shi da jam'iyyarsa Sawaba. Tambayar da aka yi sakaci wajen tsara ta tana shafe shekaru biyu na tarihi, kuma waɗannan shekarun su ne suka fi zafi. Haka nan idan aka tambayi birnin da ya riga Yamai zama hedkwata kafin 1926, takarda ta ce Zinder, yaro ya ce Damagaram. Alƙalin da ya hana shi maki ya hukunta shi ne saboda ya kira garin da sunan da masu garin ke kiransa.

A fannin kimiyya matsalar takan fito ta wata fuska, wato ƙarancin kalmar da aka daidaita a kai. Hausa tana kiran Zara tauraruwa, alhali masana sararin samaniya suna raba jikin da ke ba da haskensa da wanda ke kewaya rana yana aron haske. Kafin mu tambayi "nawa ne ke kewaya rana?" dole mu zaɓi suna: duniyoyi, ko taurari masu yawo, ko wani abu dabam. Wannan wahala ce mai amfani. Ko amsar ma ta taɓa sauyawa a kan ma'anar kalma: tara ne har zuwa 2006, lokacin da ƙungiyar masanan ta duniya ta zauna a Prag ta sake fayyace ma'anar, Pluto ya fita, suka koma takwas. Babu abin da ya motsa a sama, ƙamus aka gyara.

Wani zai ce ai wasa ne, me ya yi zafi? Da wasa ne kawai da ban ɓata tawada ba. Irin waɗannan tambayoyi su ne ake tarawa a ƙarƙashin sunan culture générale a jarrabawar neman aiki da ta shiga manyan makarantu, kuma matasa suna sayen ƙananan littattafai suna haddace su saboda abincinsu ya rataya a kai. Abin da aka saka a jerin ya zama "sanin kowa", abin da aka bari a waje ya zama sanin ƙauye. Ɗalibin da zai lissafo maka ƙasashen da suka ci kofin duniya sau da yawa bai san cewa a Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975 ba, ko da yake gidansu kan tsaya cik a gaban rediyo duk ranar da ake neman takobi. Ba laifinsa ba ne. Ba a taɓa nuna masa cewa wannan ma ilimi ne da ake samun maki a kansa ba.

Akwai kuma abin lura a sunan da muka ba gasar da Hausa. Mun ce "kacici-kacici", amma kacici-kacicin gargajiya wani abu ne dabam. Yana gwada kaifin hankali, amsar tana ɓoye cikin siffar da aka bayar, kuma wanda ya kasa sai ya ba da gari a faɗa masa. Gasar zamani tana gwada abin da ka ajiye a ka da saurin fito da shi. Aron sunan bai dame ni ba, harshe haka yake tafiya, amma da mun aro har da ɗabi'ar: tambayar da za a iya kai wa ga amsarta ta hanyar tunani, da al'adar yin bayani bayan an kasa.

Shawarata ga ƙungiyoyin ɗalibai a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa ita ce su shirya gasar da Hausa, da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa inda masu jin su suke, kuma su ba ƴan sashen harsuna aikin tace tambayoyin. Tun da dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma, kuma kundin 2025 ya ɗaga matsayin Hausa, ba mu da uzurin barin wannan fili. Kowace tambaya a rubuta ta da harsuna biyu, wadda ta ƙi fassaruwa ba tare da ta ba da dariya ba a sake mata gini. A amince da sunan wuri ko na mutum ta duk sigar da jama'a ke amfani da ita. Alƙali kuma ya ɗauki rabin minti bayan kowace amsa ya faɗi dalilinta. Za a yi tambayoyi talatin a inda aka saba yin hamsin, kuma kalmomin da aka ƙirƙiro a hanya sai a tattara su a miƙa wa wannan mujalla domin a yi muhawara a kansu.