Jeli marar sukari: Ribarsa tana cikin abin da ya kora daga teburin ofis

Bidiyoyi na yawo a TikTok da Facebook inda ake tallata jeli marar sukari a matsayin sirrin narkar da tumbi. Ma'aikacin da ke wuni a kujera daga ƙarfe 8 zuwa 4 a Sakatariyar Tarayya, sannan ya ƙarasa yammacinsa cikin cunkoson hanyar Nyanya ko Kubwa, yana da dalilin kasa kunne. Sai dai ya kamata ya san iyakar abin da wannan abin taɓawa zai iya yi masa.

Jelatin, garin da ake haɗa jelin da shi, daga fata da ƙasusuwan dabbobi ake tatso shi. Shi ne ke sa romon ƙafar sa ya daskare idan ya kwana. Babu wani abu a cikinsa da ke ƙona kitse. Ƙaramin ƙunshi mai giram 7 bai wuce kalori 25 ba, kuma yana daskarar da kusan rabin litar ruwa. A ɗaya gefen, kwalbar lemo mai santilita 50 kan ɗauki sukari kusan giram 50, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata wa babban mutum a yini guda. Saboda haka duk ribar tana cikin musanya: wanda ya ajiye lemo da fanke na ƙarfe 2 ya ɗauki jeli ya rage wa cikinsa kaya, wanda kuwa ya haɗa su duka bai rage komai ba.

Haɗa shi a gida ya fi saye. A jiƙa garin cikin cokali 4 na ruwan sanyi na minti 5, a zuba masa rabin litar zoɓo mai zafi da aka tafasa da kanumfari da citta, a motsa har ya narke, a sa a firji na awa 4. Ana iya jefa gutsuren kankana. Ɗanyen abarba da gwanda kuwa suna hana shi daskarewa, sai an dafa su tukuna.

Akwai abubuwa uku da masu talla ba su faɗa. Na farko, kaso mai yawa na jelatin da ke kasuwar duniya daga fatar alade ake yin sa, don haka wajibi ne Musulmi ya duba tambarin halal, ko ya nemi na kifi, ko garin aga da ake samu daga ciyawar teku. Aga ɗin ya fi dacewa da zafin Abuja da ɗaukewar wuta, domin jelatin yana narkewa a zafin da bai kai na jikin mutum ba. Na biyu, a watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da sinadaran zaƙi masu maye gurbin sukari wajen rage ƙiba, saboda ba a ga amfaninsu mai ɗorewa ba. Abin da ya fi shi ne a saba wa harshe da ƙarancin zaƙi sannu a hankali. Na uku, furotin ɗin jelatin bai cika ba, don haka ba zai tsaya a matsayin wake, ƙwai ko kifi a abincin rana ba.

Tun da Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace litar lemo mai sukari, gwamnati ta amince cewa matsalar ta shafi lafiyar al'umma. Abin mamaki shi ne, a tarukan ma'aikatu har yau katan-katan na lemo ake jerawa. Hadimai da jami'an da ke tsara abin taɓawa a irin waɗannan taruka su ne ke da ikon sauya wannan, ta hanyar sa ruwa, 'ya'yan itace da zoɓo marar sukari cikin jerin abin da ake sayowa.