DAGA BAKIN ALLO: Duwatsu Uku Na Murhun Makaranta

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mu malaman makaranta mun fi kowa sanin gaskiyar wannan magana, domin yaron da ya fito gida bai sha koko ba, kafin ƙarfe goma sha ɗaya ya fara gyangyaɗi, ko me aka rubuta a allo ba ya shiga kansa. Saboda haka a wannan wata za mu duba shirin ciyar da yara a makarantun gwamnati na ƙasar Gana, da abin da zai sa ya ɗore.

An fara shirin a shekarar 2005 da makarantu 10 kacal, ɗaya a kowace jiha ta wancan lokaci. Manufarsa uku ce: rage yunwa, jawo yara makaranta, da kuma samar wa manoman gida kasuwa. Gwamnatin Holan ta taimaka da kuɗi a shekarun farko, daga baya nauyin ya koma kan gwamnatinmu. Yau yara miliyoyi ne ke cin abinci mai zafi sau ɗaya a kowace ranar makaranta. Wannan abin godiya ne. Amma tukunya ba ta zama sai bisa duwatsu uku, in ɗaya ya goce, miya ta zube.

Dutse na farko shi ne biyan kuɗi a kan lokaci. Yadda tsarin yake, mata masu kwangilar dafawa su ne ke fara zuba kuɗinsu, sai daga baya a biya su. A 2022 da 2023 sun ajiye ludayi saboda bashin da suke bin gwamnati da kuma ƙarancin abin da ake biya kan kowane yaro, wanda a lokacin bai kai sidi ɗaya cikakke ba. An ƙara shi zuwa sidi 1.20 a 2023, sannan sidi 2 a kasafin kuɗin 2025. Ƙarin ya yi kyau, amma kuɗin da ya zo bayan watanni, tsadar kaya ta riga ta cinye wani kaso daga cikinsa. Matar da ke cikin bashi dole ta rage wake, ta tsinka miya, kuma cikin yaro ne ke biyan wannan giɓi.

Dutse na biyu shi ne sayen amfanin gona na gida. Nan ne jinkirin biya ke yin ɓarna ta biyu. Ƙaramin manomi kuɗi hannu yake so, ba ya iya jira. Don haka mai dafawa sai ta tafi wurin babban ɗan kasuwa da zai ba ta bashi, shi kuwa sau da yawa shinkafar waje ce a shagonsa. Ga wake da gyaɗa da waken soya da masara ana nomawa a yankunan Tamale da Yendi da Bawku, ga zogale da kuka da manja, duk masu gina jiki. Ƙasar Birazil ta kafa doka a 2009 cewa aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin ciyar da ɗalibai a saya daga ƙananan manoma. Mu ma muna buƙatar irin wannan ƙa'ida mai haƙori. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Dutse na uku mu ne, iyaye da malamai da sarakunan zango. A tsarin shirin akwai kwamiti a kowace makaranta da ya kamata ya sa ido. To, jama'a, a Nima ko Aboabo ko Sabon Zango, iyaye nawa ne suka taɓa leƙa tukunyar da 'ya'yansu ke ci? Mu nawa muka tambaya ko gishirin mai sinadarin aidin ne, ko akwai ruwa da sabulun wanke hannu kafin a ci? Abincin da aka ci da hannu mai datti, gudawa da tsutsar ciki ne za su amfana da shi.

Shawararmu ita ce kowace ƙungiyar iyaye da malamai ta zaɓi mutum biyu, mace da namiji, su riƙa zuwa lokacin rabon abinci sau ɗaya a mako. Su rubuta abin da aka dafa da yawan yaran da suka ci, a karanta a taron ƙarshen zangon karatu. In an yi jinkirin biyan masu dafawa, mu kai kuka gaban majalisar gunduma da sunan unguwa baki ɗaya, kada mu bar mata su kaɗai da bashi.

Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.