Motar Miliyoyi, Taya 'Yar Kwatano

Akwai wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun farkon makon nan, wanda in ban amayar da shi a wannan fili ba, ba na jin zan sami natsuwar taɓa wani batu, shi ne halin da waɗansu samarinmu masu hannu da shuni suka ɗauka na zuba dukiya mai ɗimbin yawa wajen sayen motocin da aka ƙera musamman domin gudu, irin su BMW mai harafin M da Marsandi AMG, sa'an nan idan lokacin sauya taya ya yi, sai rowa ta sauko musu, su bazama kasuwa neman 'yar Kwatano mafi araha. Alhali kuwa duk ƙarfin injin nan da suke alfahari da shi, da kaifin birki, da biyayyar sitiyari, ba su da wata hanya ta isa ga kwalta face ta wurare huɗu, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba.

Na je a ba tayata iska wurin mai facin unguwarmu, sai na tarar da wani saurayi a rumfar da ke kusa yana ciniki, motarsa baƙa wuluk tana gefe, an ɗaga ƙafarta ta gaba da jak. Tayar da aka cire tana ɗauke da rubutu kamar haka, 245/40 R18 97Y, wanda ma'anarsa ita ce faɗinta milimita 245 ne, tsayin gefenta kashi 40 cikin ɗari na faɗin, ana ɗaura ta a wili mai inci 18, tana ɗaukar nauyin kilo 730, kuma harafin Y shaida ce cewa tana jure gudun kilomita 300 a awa. Da na sunkuya kan wadda ake tallata masa, wadda aka goge ta da mai har tana sheƙi, sai na ga girmansu ɗaya ne, amma harafinta H ne, watau iyakarta kilomita 210, ga kuma hoton dutse mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a cikinsa, alamar cewa an yi ta ne domin hunturun Turai, inda ake ɗaura irinta idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7. Robarta mai taushi ce da gangan, don kada ta sandare a kan ƙanƙara. To, ina makomarta a kan kwaltar Zariya zuwa Kano a watan Afrilu, sa'ad da zafin inuwa ma yakan haura digiri 40?

Na ce masa, "Samari, ka duba shekarun tayar nan kuwa?" Ya ce, "Baba, ai zanenta ko taɓuwa bai yi ba." Na nuna masa lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT, 1416, na ce biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, ke nan an toya ta a mako na 14 na shekarar 2016. Ya yi murmushi cikin ladabi, ya ce, "Baba, in kwana ya ƙare ko sabuwa ce fashewa za ta yi, komai ƙaddara ne." Ya biya kuɗinsa, aka ɗaura masa.

Wannan kalma tasa ita ta hana ni sakat. Babu mumini mai jayayya da ƙaddara, amma malamanmu tun muna zaure sun rarrabe mana tsakanin tawakkali da sakaci, sun karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya warware imani, kuma shari'a ba ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure ba sai domin ran ɗan Adam yana da alfarmar da "ban yi da gangan ba" ba ta isa ta share ta. Wanda ya ɗaura ruɓaɓɓiyar taya ya taka totur, ai ba da ransa kaɗai yake caca ba. Akwai ɗan acaɓa a gefen hanya, akwai yarinya mai tallan gyaɗa, akwai bas cike da fasinja da ke tahowa. Shi kuma mai sayarwa da ya shafe tsatsaguwar gefen taya da mai don ta ɓuya, algus ya yi, kuma ɓoye aibin haja haramun ne, ko an yi ciniki da yardar juna.

Zane mai kauri ba ya nuna ƙuruciyar taya, domin roba tana tsufa ko tana ajiye a ɗaki, ta bushe, ta daina kama hanya. A ranar 30 ga Nuwamba 2013 ɗan wasan fim ɗin nan na Amurka, Paul Walker, ya mutu tare da abokinsa Roger Rodas a cikin Porsche Carrera GT a jihar Kalifoniya, kuma masu bincike, bayan sun ɗora babban laifin a kan gudun wuce sa'a, sun bayyana cewa akwai tayoyin motar da suka haura shekara 9, ga ta kuwa mota ce da ba a cika hawa ba. Mu ma nan ba mu manta da watan Maris na 2016 ba, lokacin da taya ta fashe wa motar ƙaramin ministan ƙwadago, James Ocholi, a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya rasu shi da matarsa da ɗansa.

Za a ce tsada ce ta jawo, kuma lalle sabuwar taya ta yi tsada tun da darajar naira ta zube, sai dai wannan uzurin direban tasi ne, ba na mai motar miliyoyi ba. Masu bibiyar filin nan sun san abin da zan ce game da tushen tsadar, gama na sha faɗa: ƙasar da ke da gonakin roba a Edo da Delta da Kuros Riba ta zuba ido Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Ikeja a 2008, muka koma 'yan jiran jirgin ruwa. Tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta haramta shigowa da su, amma ga su nan jibge a bakin titi tsakar rana, ba mai tambayar ta ina suka bi.

Wanda ke son sauya taya bisa ƙa'ida, ya buɗe ƙofar direba, zai ga takarda manne a jikin ginshiƙi mai bayanin girma da adadin iskar da maƙera suka ƙayyade, kada ya sauka ƙasa da lambar nauyi ko harafin gudu da suka sa. Kada ya ce tun da doka ta tsayar da ƙananan motoci a kilomita 100 a babbar hanya, me zai yi da Y. Wannan harafi yana tafe ne da ƙarfin gini da juriyar zafi, kuma da irinta aka gwada birkin motar da yadda take shan kwana. Da yawa cikin motocin nan tayoyin bayansu sun fi na gaba faɗi, ba a musanya su. BMW na sa tauraro a tayar da ta amince da ita, Marsandi na sa MO, Porsche na sa N. A sauya bibbiyu, hagu da dama iri ɗaya, a lura da kibiya ko rubutun da ke nuna fuskar waje, a kuma auna iska da safe kafin taya ta ɗauki zafi, da ma'auni, ba da bugun ƙafa ba.

Wanda duk ya lissafa wannan ya ga aljihunsa ba zai ɗauka ba, to, ya jingine motar a gida har Allah ya hore masa, ko ya sayar da ita ya sayi Corolla, wadda sababbin tayoyinta ba za su gagare shi ba. Iyayen da suka saya wa yaro irin wannan mota kuwa, su ma su sunkuya su karanta lambobin nan huɗu kafin su miƙa masa makulli.