Karatun Motsin Jiki Ba Karatun Wasa Ba Ne

Ya kai mai karatu, a wannan fitowa ina so mu tattauna a kan wani fanni na ilimi da mutanenmu suka raina, alhali kuwa muna cikin waɗanda suka fi kowa bukatarsa. Idan yaro ya ce zai karanta likitanci ko lauya, sai gida ya ɗauki murna. Amma da zarar ya ambaci ilimin motsa jiki, sai uba ya haɗe rai, ya ce, "Ashe duk ɗawainiyar nan don ka je jami'a ka koyo tsalle-tsalle ne?" Ni a ganina wannan kuskure ne, kuma gaɓoɓinmu ne ke ɗanɗana kuɗarsa.

Bari mu fara sanin abin tukuna. Jikin ɗan Adam yana motsi ne bisa ƙa'ida: ƙashi tamkar sanda ne, gaɓa ita ce madogara, tsoka kuma ita ce igiyar da ke ja. Masana sun auna, sun ga cewa mai gudu, duk takun da ya yi, ƙafarsa tana ɗaukar nauyin jikinsa ninki biyu zuwa uku. Wato saurayi mai kilo 60 yana ɗora wa ƙafa guda kilo 120 zuwa 180. Idan ya yi tsalle ya diro da ƙafa a miƙe, gwiwa ta karkata ciki, jijiyar da ke riƙe da gwiwar tana iya tsinkewa ko da babu wanda ya taɓa shi. Haka ɗan dako da ke sunkuyawa ya ciccibi buhun masara nesa da jikinsa: duk nisan da kayan suka ƙara, nauyin da ƙugu ke ɗauka ƙaruwa yake yi. To, kai malam, wannan wasa ne ko lissafi?

Yanzu dubi abin da ke faruwa a nan Sheme da ƙauyukan Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa. Yaro ya targaɗe a filin ƙwallo ko ya karye a wajen kokawa, sai a nufi gidan mai ɗori. Ba zagin masu ɗori nake yi ba, domin sun daɗe suna taimakon jama'a. Sai dai idan aka ɗaure karaya da kara tamau, wurin ya kumbura, jini ya kasa wucewa, nama yakan mutu, har a kai ga yanke hannu ko ƙafa. Magabata ba su ɗauki wannan sana'a da wasa ba. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen 1013, ya yi dogon bayani a kan ɗori a cikin littafinsa At-Tasrif. Su sun rubuta don na baya su ɗora, mu kuwa mun tsaya ga abin da muka gada.

Rigakafi kuwa, an ce ya fi magani. A 2006 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta fito da wani tsarin ɗumama jiki na kamar minti 20 mai suna 11+, wanda ya ƙunshi sassarfa, ƙarfafa cinya da ciki, tsayuwa da ƙafa ɗaya, da koyon dira daidai. Wani malamin Jami'ar Legas, Dakta Oluwatoyosi Owoeye, tare da abokan aikinsa, suka gwada shi a ƙungiyoyi 20 na samari a Legas. Sakamakon da suka buga a 2014 ya nuna rauni ya ragu da kashi 41 cikin 100 ga masu bin tsarin. Daga baya malamin ya koma koyarwa a Jami'ar Saint Louis ta Amurka. Ka ga, ɗan Nijeriya ne, kuma da yaran unguwa ya yi bincikensa.

To, mu fa? Wa zai auna abin da busasshen filin rani yake yi wa idon sawun yaranmu? Wa zai duba hannun ɗan dambe, ko gwiwar ɗan langa, ko bayan manomin da ya wuni duƙe a kan fartanya? Bature ba zai taso ya yi mana ba. Sai ɗan gida, wanda ya san wasan, ya san harshen, sannan ya yi karatun.

Daɗin daɗawa, fannin bai tsaya a filin wasa ba. Mai shanyewar ɓarin jiki, da atisaye ake koya masa tashi da tafiya. Mai hawan jini da mai ciwon suga, motsa jiki yana cikin maganinsu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba baligi shawarar aƙalla minti 150 a mako. Ga waɗanda suka karye a haɗarin babur a hanyar Funtuwa zuwa Gusau, ga waɗanda harbin 'yan bindiga ya bari da rauni. Bayan an sallame su, wa zai gasa musu gaɓa har ta dawo aiki? Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, yana da gwanaye, amma talaka ba zai iya zirga-zirgar Kano duk mako ba. Ke ma 'yar'uwa, maganar ta shafe ki, domin iyayenmu mata da yawa sun gwammace su haƙura da ciwo a kan namiji ya riƙa taɓa jikinsu.

Ga hanyar, ɗalibi. Ka riƙe Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji da kyau. Jami'ar Bayero ta Kano tana koyar da fisiyo, wato gashin ƙashi. Karatun shekara biyar ne zuwa shida, sai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, da rajista da hukumar da ke kula da sana'ar. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma tana da sashen ilimin motsa jiki da kiwon lafiya. Mai son zama malamin jami'a sai ya ƙara digiri na biyu da na uku, yana bincike yana bugawa, har ya kai farfesa.

Wani zai ce, ina aikin yi? Akwai asibitoci, akwai makarantu, akwai ƙungiyoyi irin su Katsina United da Kano Pillars. Ba zan ce maka hanyar kuɗin dare ɗaya ba ce. Tafiya ce mai tsawo, sai mai haƙuri.

Saboda haka, iyaye, idan yaro ya nuna sha'awa, a tambaye shi makinsa na kimiyya, kada a yi masa dariya. Malamai kuma, kafin a sake yara a fili, a ba su minti 20 su ɗumama jiki. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin. Wassalam.