Ba kowane kumburin gaɓa ne targaɗe ba



Kwanakin baya wata baiwar Allah ta shigo kantin maganin da nake aiki a nan Maiduguri, tana goye da yaro ɗan shekara biyar. Ta ce, "Malama, man zafi za ki ba ni da maganin ciwon jiki, targaɗe ya yi a wajen ƙwallo." Na tambaye ta wa ya ga faɗuwarsa, ta ce babu. Kwana uku ke nan ya ƙi taka ƙafar, an kai shi wajen mai ɗori har sau biyu. Na taɓa gwiwar na ji ta zafi rau, jikinsa ma haka, ga tabon maruru a ƙaurinsa. Na ce, "Hajiya, yau ba zan sayar miki da komai ba, ki wuce da shi asibiti yanzu." Daga baya ta dawo ta shaida mini cewa mugunya aka zuƙo daga gwiwar.

Abin da ya samu yaron shi ne shigar ƙwayoyin cuta na bakteriya cikin gaɓa. Da sun shiga sai su hayayyafa a ruwan da ke cikinta, mugunya ta taru ta fara cinye guringuntsi. Cikin 'yan kwanaki ɓarnar ke faruwa, kuma guringuntsin da ya lalace ba ya komawa yadda yake. Ga manya an fi ganin ciwon a gwiwa, ga ƙananan yara kuma har da kwatangwalo, wanda yakan bar yaro da ɗingishi muddin rai.

To, ta ina suke shiga? Galibi jini ne ke kai su. Ƙwayar da ta fi kawo shi ita ce Staphylococcus aureus, wadda ke zaune a fatarmu, kuma ita ke haddasa maruru. Ku tuna yadda ƙuraje ke fesowa yara idan zafin Afirilu ya haura digiri 40 a garin nan. Ƙurji, gyambo, ko cibiyar jariri da ta ruɓe, duk ƙofa ce. Wani lokacin kuma kai tsaye suke shiga, ta sukar ƙaya ko ƙusa, ko tsaga da sakiya da ƙaho a kan gaɓa, ko allurar da aka yi ba tsafta. Wanda ya ga yadda mutane suka riƙa yankewa a cikin ƙazamin ruwa lokacin ambaliyar madatsar Alau a Satumbar 2024 ya san rauni ba abin rainawa ba ne.

Akwai waɗanda suka fi shiga haɗari. Na farko masu sikila, domin jikinsu ba ya iya yaƙar wasu ƙwayoyin sosai, irin su Salmonella, kuma iyaye kan ɗauka ciwon ƙashin da aka saba ne ya tashi. Sai jarirai, tsofaffi, masu ciwon suga, masu ciwon ƙoda, masu cuta mai karya garkuwar jiki, da wanda gaɓarsa ke da tsohon amosani. 'Yan uwana mata masu shan dexamethasone don ƙiba, ku sani yana raunana garkuwar jiki. Ciwon sanyi da ake ɗauka ta saduwa ma yakan bi jini ya sauka a gaɓa. Tarin fuka yakan kama kwatangwalo ko ƙashin baya a hankali, haka ma cutar burusela da ake samu daga madarar da ba a tafasa ba.

Idan gaɓa ɗaya ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ba ta lanƙwasuwa, musamman in da zazzaɓi, kada a kwana da ita a gida. Jariri ba ya magana, amma za ki ga ya daina motsa ƙafa ɗaya, ko ya tsala kuka duk sanda kike canza masa nafkin. A nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ko Asibitin Ƙwararru na Jiha, ko babban asibiti mafi kusa.

Ina roƙonku kada ku fara da kafson kemis. Ba ya isa ya kashe cutar, sai dai ya ɓoye ta, har a rasa gane ƙwayar a ɗakin gwaji. Murza da ɗori kuwa azaba ce kawai da ɓata lokaci. Maganin shi ne a cire mugunyar, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, sannan a ci gaba da sha na makonni ba tsallake.

A wanke rauni da ruwa mai tsafta da sabulu, kada a matse maruru, a shafa wa cibiyar jariri chlorhexidine, a kammala wa yara rigakafin Penta da na nimoniya.

Yaron nan ya fara takawa, alhamdulillahi, amma likitoci sun ce sai an ci gaba da duba gwiwar. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.